Beyar na shirya wa, bodari ya same ni

Tun da muka sauka a Winnipeg ta ƙasar Kanada, dabba ɗaya nake tsoro: baƙin beyar. Da abokai suka ce mu je gandun dajin Riding Mountain, inda kurmi ya haɗu da filin ciyawa, sai da na sayi gwangwanin feshin barkono na korar beyar, na haddace dokar nan ta ba shi tazarar mita 100. Muka je, muka ga garken ɓaunar Amurka daga cikin mota a Lake Audy. Beyar kam ko kashinsa ban taka ba. Na dawo gida ina taƙama.

Daren nan uwargida ta miƙo min ledar shara. A bayan gida na tarar da wata 'yar dabba baƙa mai farin zane biyu a gadon baya, tana tonon bola. Tausayi ya kama ni, na durƙusa ina "mussa, mussa". Ta buga ƙafafun gaba a ƙasa, ta ɗaga jela. Na ce ikon Allah, kyanwar Turawa har rawa take yi.

Ashe gargaɗi ne. Bodarin Kanada kan kai feshinsa kamar mita 3, ni kuwa ina cikin taku biyu. Ruwa ne mai maiƙo, mai sinadarin farar wuta, ya bi ido, ya bi hanci, ya sauka har maƙogwaro. Gwangwanin barkonona yana can cikin mota yana hutawa.

Uwargida ta leƙo ta taga. "Baban Amira, don girman Allah tsaya nan inda kake!" Sai na ji ƙarar sakata.

Maƙwabcina ya ce ruwan tumatir ne magani. Na juye gwangwanayen miyar sati a jikina, na fito kamar naman da aka jiƙa za a soya, wari na nan daram. Abin da ya taimaka shi ne haɗin haidirojin na wanke ciwo da bekin soda da sabulun wanke kwanuka. Rigar sanyin kuwa, bolar da na kai wa ziyara ita ta gaje ta.

Ranar Juma'a na sha turare, na tafi masallaci. Liman ya ce a cike sahu, ya sake cewa a cike sahu. Na dama da ni ya dube ni, ya dubi liman, ya ce a hankali, "Malam, a yi mana uzuri."