Yadda na zuba jaka goma sha biyu a ƙofar gida ina jiran 'yan yawon buɗe ido

Wallahi duk laifin ƙanena ne, ɗan jami'ar nan da ko gishiri ka tambaye shi sai ya ce ma "ai a Turai kaza ake yi".

Bara da rani wasu 'yan fim suka zo daga Kano suka ɗauki fim ɗin soyayya mai ban dariya a layinmu, nan unguwar Zariya cikin Maraɗi. Saurayi ya zo zance, baban yarinya ya biyo shi da sanda, daidai ƙofar gidana ya laɓe. Awa uku suna maimaita abu guda, har ruwan sanyi na ba su, kyauta.

Da dare muna shan shayi sai ƙanen nawa ya ce Yaya ai ka yi arziki ba ka sani ba. Wai akwai fim ɗin Notting Hill na 1999, wata ƙofa ce kawai shuɗiya a Landan inda jarumin yake zaune, har yau mutane suna niƙo gari daga ƙasashe su tsaya gabanta su yi hoto, har an taɓa cire ta aka yi gwanjonta aka sa baƙa amma mutane ba su fasa zuwa ba, ƙarshe dai shuɗin aka mayar. Ya ce kuma finafinan Indiyan nan da muka taso muna kallo ana rawa cikin ƙanƙara, da yawa a Suwizalan aka yi su, Indiyawa suka yi ta tururuwa can har garin Interlaken ya kafa mutum-mutumin darakta Yash Chopra a 2016. Na ce to ni ban son mutum-mutumi, kuɗin dai.

Gari na wayewa na hau kabu-kabu sai babbar kasuwa. Fenti shuɗi, buroshi, benci, da allo da aka rubuta HOTO DALA HAMSIN. Jaka goma sha biyu cif. Uwargida ta ce Malam kuɗin geron ne fa, na ce ke dai ki shirya ƙirga kuɗin Turawa.

Baƙon farko surukina ne. Ya zo ranar Juma'a da farar babbar riga sabuwa fil, fenti bai bushe ba, ya jingina da ƙofa yana sallama. Ina durƙushe ina "ina wuni Baba, ya gajiya", idona na kan bayanshi, bakina ya ƙi buɗuwa, haka ya tahi masallaci shuɗi shar. Har yau in na gaishe shi da hanci yake amsawa.

Sati biyu ina zaune kan benci cikin ranar Maraɗi. Wanda ya tsaya sai mai tambaya ko nan ake cajin waya, sai akuyar maƙwabci da ta cinye rabin allon.

Sannan fim ya fito a YouTube. Muka taru gida guda kan waya guda. Ƙofata ta fito, daƙiƙa huɗu na ƙirga, rabi ma jarumin ya tare ta da ƙugunshi. Sai uwargida ta ce, cikin sanyin muryar nan tata mai ciwo, Malam ai a fim ɗin ƙofar ja ce mai tsatsa.

Shiru. Ƙanena ya miƙe wai yana da karatu.

Amma fa baƙi sun zo, kar ku ce ban faɗa ba. 'Yan mata biyu daga Tibiri, da kwalliya da komai, suka yi sallama suka ce Baba don Allah ina ƙofar da aka yi fim ɗin nan? Na miƙe ina gyara hula na ce ga ta nan gabanku. Suka dubi waya, suka dubi ƙofa, suka ce a'a ba ita ba ce, suka wuce gidan mai akuya da ƙofarshi ke cike da tsatsa. Kuma ni suka miƙo ma wayar na ɗauke su.