AS da AS: "ɗaya cikin huɗu" ba layi ake bi ba

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin samari da 'yan mata, har da iyayen da ake sa ran sun fi su sani, duk lokacin da gwajin jini ya nuna saurayi AS ne, budurwa ma AS ce. Sai ka ji an ce, "Ai likita ya ce ɗaya ne cikin huɗu, to mu haifi uku mu tsaya." Wasu kuma sai bayan an yi auren, ɗan fari ya zo da sikila, a riƙa rarrashin uwar cewa ta kwantar da hankalinta, mai ciwon ya riga ya fito, ukun da za su biyo baya lafiya lau za su zo. Duka maganganun nan biyu kuskure ne, kuma yaron da ba a yi shawara da shi ba ne yake biyan kuɗin kuskuren da jikinsa.

Likitan bai yi ƙarya ba. Ɗaya cikin huɗu gaskiya ne. Mu ne muka ɗauke shi kamar adashi, inda ake bin layi, wanda ya kwasa ba zai sake kwasa ba sai an zagayo. A adashi akwai uwar adashi mai riƙe da lissafin wanda ya ɗauka da wanda ya rage. A mahaifa babu mai riƙe wannan lissafin. Kowane ciki sabon al'amari ne, bai san abin da ya faru a cikin da ya gabace shi ba.

Ga yadda abin yake. Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado guda biyu da suka shafi jan jininsa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai AS yana da A guda da S guda, A ita ce lafiyayyar ƙwaya, S kuma ta sikila. Idan za a samu ciki, uba yana bayar da ɗaya daga cikin biyun nan nasa, uwa ma haka, kuma babu wanda yake zaɓen wadda zai bayar. Hanyoyi huɗu ke nan: A ta haɗu da A, A ta uba ta haɗu da S ta uwa, S ta uba ta haɗu da A ta uwa, ko S ta haɗu da S. Ta farko AA, biyun tsakiya AS, ta ƙarshe SS, wato sikila. Daga nan aka samo ɗaya cikin huɗu, ko kashi 25 cikin 100. Hanyoyin nan huɗu a buɗe suke a cikin fari, a buɗe suke a na biyu, a buɗe suke a na goma.

Wanda yake shakka ya gwada da hannunsa. Nemi kwabo biyu, ko wani abu mai faɗi da fuska biyu, ka manna takarda ka rubuta A a gefe ɗaya, S a ɗaya gefen. Ɗaya uba, ɗaya uwa. Wurga su sama tare, ka rubuta abin da ya fito. Jifa huɗu gida ɗaya ke nan mai 'ya'ya huɗu. Ka yi gida ashirin ko talatin ka duba takardarka. Za ka ga gidan da babu SS ko ɗaya, za ka ga mai ɗaya, za ka ga mai biyu a jere, wataƙila ma ka ci karo da mai uku. Kwabon da ya ba ka S yanzu ba ya jin nauyin sake ba ka S.

Lissafin wannan ba shi da wuya, kuma ina so a dube shi da kyau don a nan maganar take. Yiwuwar yaro ɗaya ya kuɓuta uku ce cikin huɗu. Yiwuwar biyu su kuɓuta, sai ka ninka uku bisa huɗu da uku bisa huɗu, ya ba ka 9 cikin 16. Uku su kuɓuta, 27 cikin 64, wato kusan kashi 42 cikin 100. Wannan shi ne amsar masu cewa za su haifi uku su tsaya: a cikin kowane gida 100 da suka yi haka, kimanin 58 za su samu aƙalla yaro ɗaya mai sikila. Sun fi rabi. Idan 'ya'ya huɗu ne, a cikin gida 256, guda 81 ne za su tsira gaba ɗaya, 108 za su samu mai ciwo ɗaya, 54 za su samu biyu, 12 za su samu uku, gida ɗaya kuma duk huɗun. Ka lura, ainihin "ɗaya cikin huɗu" da kowa yake zaton dole haka za ta kasance, gida 108 kawai ta faru a kansu, ba su ma kai rabi ba. Mu kuma ba mutanen da ke tsayawa a huɗu ba ne. Wanda ya haifi shida, yiwuwar a ce babu mai sikila a cikinsu ba ta kai kashi 18 ba. Mai takwas, kashi 10.

Na san abin da wani zai rubuto mini a ƙasa. Zai ce ga maƙwabcinsa AS, matarsa AS, 'ya'yansu biyar, babu wanda ko ciwon kai yake yi. Na yarda, ban ƙaryata ka ba, Allah ya ƙara musu lafiya. Lissafin ma ya san da su: kusan gida 24 cikin 100 masu 'ya'ya biyar haka za su kasance. Amma ina sauran 76 ɗin? Su ba a kafa hujja da su a zaure. Suna asibiti, ko suna gida suna jinya, ko sun yi shiru don ba sa so a riƙa nuna 'ya'yansu da baki. Wanda ya dace shi ake gani, shi ake ba da labarinsa, sai mu ɗauka shi ne ƙa'ida.

Abin da yake rikita mutane shi ne sun ji cewa idan aka daɗe ana jifa, lissafi yana daidaita. Haka ne, amma sai an daɗe ƙwarai. Akwai wani malamin lissafi, John Kerrich, da yake koyarwa a Afirka ta Kudu. Yaƙin duniya na biyu ya rutsa da shi a Denmak a 1940 lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, aka tsare shi a sansani. A zaman da ya yi a can ya wurga kwabo sau 10,000 yana rubutawa, fuskar da ke da kai ta fito sau 5,067. Kusan rabi daidai. Sai dai ba don kwabon yana rama bashin abin da ya wuce ba ne, yawan jifan ne ya shanye bambancin. Tun 1713 aka buga hujjar wannan ƙa'ida daga aikin Jacob Bernoulli na ƙasar Suwizalan. Ƙa'ida ce ta dubbai. Idan ka tara dukkan 'ya'yan da ma'aurata AS da AS suka haifa a Kano da Katsina da Maraɗi, tabbas za ka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu masu sikila ne. Amma kai ba dubu za ka haifa ba. Gidanka jifa biyar ne ko shida, kuma a jifa biyar komai yana iya fitowa.

Wannan tunanin na bin layi shi ne yake cutar da matan da suka jera 'ya'ya mata. Ta haifi huɗu, dangin miji sun sa ido, ana cewa na biyar dole namiji ne, idan bai zo ba a ɗora mata laifi. Alhali kusan gida ɗaya cikin 16 masu 'ya'ya huɗu duk mata za su samu, wani ɗaya cikin 16 kuma duk maza, kuma ƙwayar da ke bambanta namiji da mace daga uba take zuwa. Wannan zance ne na wata rana.

Na taɓa kwana a ɗakin yara na wani asibiti ina jinyar ɗan ƙanwata da zazzaɓi ya kwantar. A gadon da ke kusa da namu akwai yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, idanunta sun yi rawaya, ciwon ƙashi ya taso mata. Ba ta yarda a taɓa ta, ko zanin da aka lulluɓe ta da shi ya gogi ƙafarta sai ta ƙwalla ƙara. Uwar tana zaune a ƙasa tana yi mata fifita, ta rasa inda za ta riƙe. Uban yana waje yana buga waya yana neman wanda zai ba da jini. Can cikin dare uwar ta ce mini, "Yaya, wannan ce ta biyu. Da yayanta ya zo da shi, cewa aka yi shi ke nan mun fita." Ba ta faɗa da fushi ba. Ta faɗa ne kamar wadda har yanzu take neman wanda zai yi mata bayanin inda lissafin ya karkace. Lissafin bai karkace ba, bayanin da aka yi mata ne ba daidai ba.

Kuma kada a ɗauka abin na wasu tsiraru ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon duk shekara a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Yi lissafin da kanka: idan ba a gwaji, yiwuwar miji da mata duka su zama AS ɗaya ce cikin 16, ka ninka da ɗaya cikin huɗu, ya ba ka jariri ɗaya cikin 64. Dalilin yawan S a wajenmu kuwa sananne ne tun 1954, lokacin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, S ta yi yawa. Don haka zama AS ba aibi ba ne, ba kuma ciwo ba ne. A auren zumunci dai ya kamata a ƙara kula, domin idan kai AS ne, 'yar baffanka ta fi bare yiwuwar ɗauke da ita. 'Yan'uwanmu na zango a Gana kuma su sa C, wata ƙwayar gadon jini daban da A da S, a lissafi, don ta fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma S da C idan sun haɗu su ma ciwo ne.

Sai maganar ƙaddara, wadda na san ita ce ƙarshen hujjar mutane da yawa. Na yi imani babu abin da zai samu bawa sai abin da Allah ya rubuta masa. Lissafin yiwuwa bai ce ya san gaibu ba. Hasali ma shi ne ilimin da ya fi kowane yarda cewa bai san abin da cikin nan zai zo da shi ba, iyakarsa ya gaya maka ƙofofi nawa ne a buɗe. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Umar bai san ko annobar za ta kama shi ba da ya shiga. Ya dai san haɗarin ya fi yawa a can, kuma ya yi aiki da abin da ya sani. Ban ga yadda za a ce wanda ya duba sakamakon gwaji ya haƙura ya rasa tawakkali ba.

Ba ina zargin waɗanda suka riga suka yi aure ba ne, da yawansu lokacin ba a gwajin, wasu kuma sakamakon ƙarya aka ba su. Masu sikila kuma mutane ne kamar kowa, suna karatu, suna aiki, suna aure, kuma idan mai SS ya auri mai AA duk 'ya'yansu AS za su zama, babu mai ciwo ko ɗaya. Waɗanda nake kuka da su su ne masu bayani. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, abin a yaba ne. Amma takarda ba ta magana. Ma'aikacin ɗakin gwaji da zai miƙa wa yaro da yarinya sakamako ya ce "kashi 25 ne" ya juya, bai gama aikinsa ba. Ya ƙara kalma uku: a kowane ciki. Ya tambaye su 'ya'ya nawa suke fata, ya nuna musu abin da lissafin ya ce a kan wannan adadin. Malaman lissafi na sakandare su ma, babin nan na yiwuwa da ake koyarwa da kati da ɗan ludo don a ci jarrabawar WAEC a manta, me zai hana a koyar da shi da AA da AS da SS? Kusan rubu'in ajin suna ɗauke da S, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Ga samari da 'yan mata kuwa, ku yi gwajin tun kafin magana ta je gaban manya, kafin a kai kuɗin gaisuwa, balle a fara haɗa lefe. Idan an sa rana, an buga kati, an sayi gado, rabuwa tana zama abin kunya ga gida biyu, kuma a lokacin ne ake fara neman ɗakin gwajin da zai rubuta abin da ake so a gani. Ku yi a wuri biyu daban, domin ana samun kuskure, kuma ku tabbata gwajin sikila aka yi muku, ba na rukunin jini irin su O da B ba, don mutane da yawa suna haɗa su. Idan duka biyun sun nuna AS da AS kuma kuka ce duk da haka za ku yi, wannan shawararku ce da iyayenku, amma ku zauna da likita tukuna ya gaya muku abin da jinyar take ci na kuɗi da jini da kwanan asibiti, ku kuma sa a gwada kowane jariri da wuri don a fara ba shi kariya tun kafin ciwon ya fara tashi.