Ba layar ba ce, jama'a

Wai har yanzu akwai masu kare mai maganin nan na ranar kasuwa? An ɗaura wa ƙadangare laya, an sako shi daga kan kuka, ya faɗo tim ya ruga, sai kowa ya hau zaro kuɗi. Sannunku da ƙoƙari! To ku kamo wani ƙadangaren da ko zare ba a ɗaura masa ba, ku sako shi mu gani.

Ƙanƙanta ce ta cece shi, ba laya ba. Duk abin da ke faɗowa iska tana tare shi, har gudunsa ya kai inda ba ya ƙaruwa. Tururuwa ba ta wuce wajen kilomita 6 a awa, saurin mai tafiya a ƙafa ke nan. Ko daga kan ƙarfen sabis ka sako ta, za ta dira ta ci gaba da jan ƙwayar geronta. Mutum kuwa, in tazarar ta isa, sai ya kusa kilomita 200 a awa. Dalili? In ka rage girman abu sau 10 ta kowane ɓangare, faɗin jikinsa da iska ke tokara ya ragu sau 100, amma nauyinsa sau 1,000. Tun 1926 wani masani ɗan Birtaniya, Haldane, ya rubuta cewa ɓera zai faɗa rami mai zurfin yadi 1,000 ya tashi ya tafi, mutum ya kakkarye, doki ya tarwatse.

Na san za a ce wane ya faɗo daga giginya ko ƙwarzane. A kan yashi ya faɗo, Allah ya sa da sauran kwana. Masu cewa kada in toshe wa bawan Allah hanyar abinci, ku tafi can.

Wallahi ba dariya nake ba. 'Ya'yanmu ne ke hawa dabino a Dutse, su ne ke hawa kuka tsinkar ganye, su ne ke kan mangwaro. Yaron da ya yarda kambu zai riƙe shi, shi ne zai taka busasshen reshe. Ɗanka ba tururuwa ba ne, Malam. Karayar baya kuma ta fi ƙarfin mai ɗori.

Af, tunda an zo maganar kuka, su wa ke yi wa kukokin bakin hanya aski ƙwal tun ganyen bai ƙosa ba? Da rani kuma ku zo kuna kukan garin kuka ya yi tsada.