Kun ce mun huta a Amurka, to wa ya riƙe bik ranar rubuta dokar?

Shekaranjiya ƙanena ya kira ni daga Maraɗi, wai Inna ba lafiya sun kai ta likita, lokotoro ya rubuta ordonas, in turo jika talatin a sayi magani. Na tura. Sai ya ce kai Yaya ku dai kun huta, can kowa na da asirans. Na yi dariya har ya ji haushi.

Eh ina da inshora, kowane wata ana zare kuɗin daga albashina tun kafin in gan shi, amma ran da ciwon baya ya kai ni asibiti sai ga takardar bashi ta biyo ni har gida, na kira kamfanin wata mata ta ce ai akwai adadin da sai na biya da aljihuna tukuna kafin su sa hannu. To mi na daɗe ina biya ke nan? Haushin wannan ne ya sa na bi diddigin yadda aka yi dokar inshorar lafiya ta Amurka, wadda ake ce ma Obamacare, da Obama ya sa ma hannu ran 23 ga Maris 2010.

Kwamitin kuɗi na majalisar dattawa ne ya yi babban aikin, ƙarƙashin sanata Max Baucus. Wadda ta jagoranci rubutun sunanta Liz Fowler, kuma kafin nan mataimakiyar shugaba ce a WellPoint, ɗaya daga manyan kamfanonin inshorar lafiya na ƙasar. Ba ɓoye ba ne fa, Baucus da bakinsa ya yaba mata a zauren majalisa. A 2012 ta koma Johnson & Johnson. Ban ce ta ci ko dala ɗaya ba wallahi, amma in ka ba mahauci rabon naman layya ka san ina hanta za ta nufa. A watan Mayu 2009 da likitoci suka miƙe a zaman kwamitin suna neman a saurari masu son gomnati ta zama ita kaɗai ke biya, ƴan sanda ne suka fitar da su.

Da farko akwai shirin gomnati ta buɗe tata inshorar ta yi gasa da ƴan kasuwa. Wannan ya mutu a Disamba 2009, sanata Joe Lieberman ya ce in yana ciki ba zai ba da ƙuri'arsa ba, kuma ana buƙatar 60 cif. Jiharsa Connecticut, inda Hartford take, cibiyar kamfanonin inshora. Abin da bai mutu ba shi ne tilasta ma kowa ya sayi inshora ko ya biya tara, wato an koro musu kwastoma da bulala (tarar sai 2019 ta koma sifiri). Kuma ƙungiyarsu AHIP, tana zaune a teburi ana shawara, ashe a 2009 ta miƙa dala miliyan 86 ga ƙungiyar ƴan kasuwa ta Chamber of Commerce da ke tallan yaƙi da dokar. Su ci da malam, su ci da boka.

Gaskiya dai dokar ta yi rana. Ba a ƙara ƙin mutum don yana da ciwon suga, yaro na zama kan inshorar iyayensa har shekara 26, kuma dole kamfani ya kashe aƙalla kashi 80 cikin ɗari na abin da ya karɓa a kan jinya.

Mu a gida matsalar daban ce. Zamanin Tandja, 2005 da 2006, aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta, ba kamfanin da ya rubuta wannan, niyya ce mai kyau. Amma kuɗin da gomnati za ta mayar ma asibitoci sai su yi ta jinkiri, uwa ta zo CSI, wato ƙaramin asibitin gomnati, da yaro a ce kyauta ne amma magani ya ƙare, je ki farmasi. Inshorarmu ta gaskiya ita ce dangi, da adashen mata, da ɗan da ke waje.

Yanzu ana ta maganar a yi ma kowa asirans. Maƙwabta Najeriya ma sun wajabta tasu a 2022, da kamfanonin HMO, masu biyan asibiti a madadin mai inshora, a tsakiya. Ni ba na ƙi ba ne, Allah ya sani na gaji da kiran tsakar dare. Amma ran da za a zauna rubuta tamu a Yamai ina so a karanto sunayen ƴan kwamitin a rediyo, da Hausa da Zabarmanci, da inda kowa ya yi aiki kafin nan, kuma a ajiye kujera ma majo ɗin CSI na ƙauyen Madarunfa da ya san yawan yaran da zazzaɓin damina ke kwantarwa.

Inna dai da sauƙi, har ta sha fura. Ƙanena ya ce saura allura biyu, jika shida.