Ƙafa ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Katsina: maganar zama ɗan ƙasa biyu

Duk wanda ya saba bin hanyar Ɗan Isa ya san abin da zan faɗa. Mota ta tsaya a shingen wajenmu, fasinja ya sa hannu a aljihun dama ya fito da katin Nijar. An wuce, an isa Magama ta Jibiya, ya sa hannu a aljihun hagu ya zaro ƴar takardar NIN, lambar shaida ta Najeriya, da aka manne da leda. Babu mai mamaki a cikin motar. To amma karɓi katunan nan biyu ka jera su. A ɗaya an rubuta Ousmane, haifaffen Madarunfa, wajen 1978. A ɗayan Usman ne, haifaffen Jibiya, 1 ga Janairu 1985. Mutum ɗaya, mahaifa biyu, tazarar shekara bakwai.

Ƴan uwa, ra'ayina a kan wannan a fili yake. Zama ɗan ƙasa biyu abu ne da doka ta yarda da shi, kuma wanda jininsa ya ba shi wannan haƙƙi ya kamata ya nema wa kansa da ƴaƴansa. Sai dai yawancin abin da muke kira ƙasa biyu a nan Maraɗi, takardu biyu ne kawai waɗanda ba sa ga maciji da juna. Mai su yana ganin ya yi dabara, alhali rami ya haƙa wa kansa da magadansa.

Ba sai an tuna wa Bamaraɗe dalilin da ya sa muke haka ba. Sarautar garin nan ta Katsina ce, ta Tsibiri kuma ta Gobir, tun kafin Turawa su ja layinsu. Tsakaninmu da birnin Katsina bai kai kilomita 100 ba, Yamai kuwa ta haura 600. Da wuya ka sami zuri'a babba a garin nan wadda ba ta da ɗiya a Katsina ko suruka daga Kano. Amma doka ba ta duba zumunci, takarda take dubawa.

Dokar zama ɗan ƙasa ta Nijar ta 1984 ce. A da, wanda ya je da kansa ya karɓi wata ƙasa ya rasa tamu. A 1999 aka gyara ta yadda uwa ma za ta iya ba ɗanta nasiyonalite, wato zama ɗan ƙasa, kamar uba. Sai a watan Nuwamba na 2014 aka yi gyaran da ya halatta riƙe ƙasa biyu, ya kuma ba mace ƴar Nijar damar mijinta baƙo ya nemi zama ɗan ƙasa ta hanyar aurensu. A Najeriya kuma tsarin mulkin 1999 ne ke magana. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a wajen ƙasar, in uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne na haihuwa. Wanda aka haifa a cikin ƙasar kuwa, ko ta wajen kaka yana samu. Sashe na 28 ya bar ɗan ƙasa na haihuwa ya riƙe wata ƙasar ba tare da ya rasa komai ba.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, yaron da aka haifa a unguwar Zariya ko Bagalam a nan Maraɗi, ubansa ɗan Nijar, uwarsa Bakatsiniyar Najeriya, ɗan ƙasa biyu ne tun ranar da ya faɗo. Ba alfarma za a yi masa ba, kuma ba ya buƙatar ƙirƙiro wata mahaifa. Abin da ke ba ni takaici ke nan: mutanen da gaskiyarsu ta ishe su, su ne ke zuwa su biya kuɗi a rubuta musu ƙarya. Wai don kada ma'aikaci ya ga Maraɗi a takarda ya tsaya tambaya.

Akwai kuma kuskuren da ya zauna a kan mutane. Haihuwa a asibitin Katsina ko Kano ba ta mayar da yaro ɗan Najeriya in iyayensa da kakanninsa duka ƴan Nijar ne. Lambar NIN ma ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, don ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, haka BVN, lambar shaida ta bankunan Najeriya. Namiji ɗan Nijar da ya auri ƴar Najeriya, aure bai ba shi komai a can, domin sashe na 26 matar da ta auri ɗan Najeriya kawai ya ambata. Shi hanyarsa ita ce ta baƙo, wadda ke neman zaman shekara 15. A wajenmu baƙo shekara 10 ake nema daga gare shi.

Mai haƙƙi da ke son yin abin daidai, daga takardar haihuwa zai fara, ita ce uwar sauran. A bayyana haihuwa cikin kwana 60, a asibiti ko a meri. In lokaci ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu a samu hukuncin da ke maye gurbinta. Da ita, da takardar haihuwa ko nasiyonalite ta uba ko ta uwa, ake zuwa kotu a karɓi nasiyonalite, daga nan katin ɗan ƙasa, daga nan fasfo. A ɓangaren Najeriya, hujjar tana wajen uwa ko uban da ke ɗan can: takardar asalin ƙaramar hukumarsa, da NIN ɗinsa, da takardar auren in akwai. Da su za a yi wa yaro NIN, a rubuta mahaifarsa ta gaskiya da ranar da ke cikin takardarsa ta Nijar. A wajen rubutun suna ake faɗuwa. Mu da haruffan Faransanci muke rubutawa, su da na Ingilishi, sai Abdoulaye ya koma Abdullahi, Issoufou ya koma Yusuf, Mahamadou ya zama Muhammad. A kunnenmu suna ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum biyu ne. Ka tsaya a kan ma'aikacin ya kwafi sunan harafi da harafi daga takardar farko. Su kuma suna neman sunan dangi, abin da yawancinmu ba mu da shi, sai wani ya sa sunan kaka, wani ya sa sunan gari. A zaɓi ɗaya, duk ƴan gida su tafi a kansa.

Amfanin kuwa ba ƙarami ba ne, kuma ya ƙaru tun 29 ga Janairun 2025 da ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata. Tun yarjejeniyar 1979, ɗan Nijar na shiga Najeriya ba biza ya zauna har kwana 90. Bayan ficewar, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanenmu suna shige da fice har sai an sake shawara. Wato abin da ke haƙƙi jiya, yau ya koma sassauci da za a iya janyewa. Mai ƙasa biyu wannan bai shafe shi ba. A Kano ɗan gida ne, a Maraɗi ɗan gida ne, ba mai neman izinin zama daga gare shi ko ya kore shi.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin daɗin abin. Ku tuna ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka ce tsofaffin sai a kai banki. Wanda ke da asusu mai tsabta a Katsina ya kai nasa ya zuba. Wanda ba shi da shi, da buhun kuɗinsa ya tsaya gaban ƴan canji suna yanka masa farashin da suka ga dama. Haka maganar darajar kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take tangal-tangal. Mai asusu a ɓangarorin biyu yana saye da naira ya ajiye ribarsa da sefa. Ga mallakar fili da rajistar kamfani, waɗanda baƙo ke shan wuya a kansu. Ga karatu: yaro na iya shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan, ko ya rubuta JAMB, jarabawar shiga jami'a ta Najeriya, ya shiga ta can da kuɗin makarantar ɗan gida, ba na baƙo ba. In layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ya kammala, wannan amfani sai ya ninka.

Sai dai kada a zaci kati na buɗe iyaka. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, tirelar kaya ba ta san katin mai ita ba. Kowa ya tsaya.

Illar da mutane suka fi jahilta ita ce ta kariya. Ƙa'ida ce tsohuwa tsakanin ƙasashe, tana cikin yarjejeniyar Hague ta 1930: ƙasa ba ta tsaya wa ɗanta a gaban wata ƙasar da shi ma ɗanta ne. Ɗan Nijar zalla da aka kama a Kano, ƙaramin ofishin jakadancinmu da ke can yana da bakin magana a kansa. Kai da ka shiga da katin Najeriya, a wajensu ɗan Najeriya ne kawai, dokarsu ce za ta hau kanka daga farko har ƙarshe. Haka in an juya. Kuma kowace ƙasa da nata nauyin. Wanda ya gama jami'a bai kai shekara 30 ba, Najeriya na jiran sa da bautar ƙasa ta NYSC, in babu takardarta aikin gwamnati ya yi masa wuya. Maganar wannan takarda ce ta sa ministar kuɗinsu Kemi Adeosun, haifaffiyar Ingila, ta ajiye aiki a 2018.

Mai sha'awar siyasa ya ƙara buɗe ido. Tsarin mulkin Najeriya da namu na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 2023, duk ɗan ƙasa na asali suka sharɗanta ga kujerar shugaban ƙasa, kuma abokin hamayya ba ya barin wannan ƙofa. Mun ga yadda aka kai maganar asalin Bazoum Mohamed gaban kotu a zaɓen 2020 kafin a tabbatar da takararsa. A Najeriya, a 1980, Shugaba Abdurrahman Darman yana jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno aka ɗauke shi aka tsallakar da shi Cadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. In an yi wa mai kujera haka, ina ga talakan da takardunsa ke ƙaryata juna? A nan gida kuma, tun Agustan 2024 akwai dokar da ta ba da damar janye wa mutum nasiyonalite na wucin gadi, har an yi aiki da ita a kan mutum 9 a watan Oktoba na shekarar.

Ƴaƴanmu da ke nesa, kowace ƙasa da halinta. Faransa ta yarda da ƙasa biyu, Jamus ta buɗe ƙofar a watan Yunin 2024. Amurka ta yarda, amma tana bin ɗanta da bayanin haraji duk inda yake zaune a duniya. Sin da Indiya ba su yarda ba. Saudiyya kuwa, haihuwa a Makka ba ta ba kowa ƙasa.

Mu dawo kan masu takardun saye, don su ne suka fi yawa kuma su na fi ji. A da ana tsira da abin saboda komai a littafi yake. Yanzu yatsa ake dangwalawa. Ka nemi bizar Turai da fasfon Nijar a matsayin haifaffen 1978, an hana ka, bayan shekara biyu ka koma da na Najeriya kana ɗan 1985. Zanen yatsunka na ajiye a rumbunsu shekara biyar. Daga nan ba maganar biza ake ba, maganar yaudara ake. Saudiyya ma yatsa take ɗauka. Gyaran ranar haihuwa a NIN ko BVN kuwa, sai da rantsuwar kotu da kuɗi da zarya, kuma in tazarar ta yi yawa ana iya ƙin gyarawa.

Mafi ciwo shi ne ranar gado. Alhaji ya rasu ya bar kuɗi a bankin Kano da gida a Katsina da sunan Usman haifaffen Jibiya. Ƴaƴansa sun zo da takardun da ke cewa ubansu Ousmane ne na Madarunfa. Kowa a unguwa ya san ƴaƴansa ne, liman ya sani, mai unguwa ya sani, amma banki takarda yake karantawa. Haka marayu za su yi ta safa da marwa tsakanin kotu da banki, kuɗin lauya na cin rabon da ake nema. In akwai wata matar a can mai ƴaƴa da takardun da suka dace da na mamacin, zumuncin gidan ya shiga uku.

Wanda ya san nasa a karkace suke, gara ya tashi gyara tun yana da ƙarfin zarya, ya mayar da komai kan takardar da ke ɗauke da gaskiya. Wanda ba shi da jinin can kuma, katin ofishin jakadanci da izinin zama sun fi masa katin saye kwanciyar hankali. Ku kuma da uwarku ƴar Najeriya ce da aka kawo Maraɗi tun tana yarinya, ba ta taɓa riƙe takarda ko ɗaya ba, ku kai ta garinsu a yi mata ta asali da NIN tun tana da rai, domin haƙƙinku a jikin nata yake rataye. Bayan ranta, hakimin garin shaidu zai nema waɗanda suka san gidan ubanta, kuma shaidun nan sa'o'inta ne.