Mawaƙi shaida ne a kan waƙarsa, amma ba shi ne alƙali ba

Akwai wata al'ada a tsakanin ɗaliban adabi a jami'o'inmu: idan za a nazarci waƙa, sai a je a yi hira da mai ita, a tambaye shi abin da yake nufi, a rubuta amsarsa, shi ke nan magana ta ƙare. Wa ya fi mai ɗaki sanin inda yake yoyo? Na daɗe ina ganin dabarar tana da amfani, amma tana da iyaka, kuma babu inda iyakar ta fi fitowa fili kamar a waƙoƙin da aka rubuta bayan firgicin yaƙi. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Wilfred Owen, mawaƙi kuma hafsan sojan Ingila da aka kashe a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 4 ga Nuwamba 1918, saura mako guda a tsagaita wuta, yana da shekara 25.

Owen bai rayu ya yi hira da kowa ba. Abin da ya bari shi ne ɗaruruwan wasiƙu, yawancinsu zuwa ga mahaifiyarsa Susan, da wata 'yar gajeriyar gabatarwa da ya tsara a 1918 domin littafin da bai ga fitowarsa ba. A cikinta ya ce abin da ya dame shi yaƙi ne da abin tausayin da ke cikin yaƙi, kuma iyakar abin da mawaƙi zai iya a wannan zamani shi ne gargaɗi. Tun daga nan malamai suka riƙe kalmar tausayi kamar mabuɗi ɗaya da ke buɗe kowace ƙofa. Har mai sukarsa ma a wannan kalma ya tsaya: W. B. Yeats, mawaƙin ƙasar Ireland, ya ƙi saka shi a kundin waƙoƙin da ya tattara a 1936, bisa hujjar cewa wahalar da mutum ya kwanta tana bi ta kansa ba abin yi wa waƙa ba ce.

To, a ɗauki waƙarsa mai suna "The Sentry", a kan wani soja mai gadi, a ajiye ta kusa da wasiƙar da ya rubuta wa mahaifiyarsa ranar 16 ga Janairu 1917. Abu ɗaya suke ba da labari. An tura shi da yaransa su riƙe wani ramin ɓuya da Jamusawa suka bari a tsakanin sahun dakarun biyu. Mutum 25 a cunkushe, ruwa ya kai ƙafa ɗaya zuwa biyu yana ƙara hawa, igwa tana zuba a kansu, har awa 50. A wasiƙar ya gaya mata cewa ya kusa sarewa ya bar kansa ya nutse. Da ya zo kan mai gadin kuwa, sai ya taƙaita: ya ce ya sa masu gadinsa su tsaya a tsakiyar matakala idan wuta ta tsananta, amma duk da haka ƙarfin fashewa ya wurgo wani yaro ƙasa, kuma yana tsoron ya makance. Wannan muryar hafsa ce mai nuna cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma muryar ɗa ce da ba ya son ya hana uwarsa barci.

A waƙar, wadda ya kammala bayan fiye da shekara ɗaya da rabi, yaron yana da baki. Yana kuka yana cewa idanunsa sun tafi. Hafsan ya kara masa harshen wuta kusa da fatar ido, ya lallashe shi cewa in dai yana ganin ko dishi-dishi ne to bai makance ba, yaron ya ce ba ya gani. Sannan layin da ba za ka same shi a wasiƙa ba: hafsan ya ce ya manta da shi a wurin, yana ta fama da sa wani a gadi da aika a nemo abin ɗaukar majinyaci. Idanun nan da suka firfito, in ji shi, har yanzu suna kallonsa a mafarki. Daga ƙarshe suka ji yaron yana ihu cewa ya ga haskensu, alhali wutarsu ta daɗe da mutuwa.

Wannan ya wuce tausayi. Mutum ne yake tuhumar kansa. Mai karatun da ya shigo riƙe da gabatarwar kaɗai zai ga ɗan'uwa mai jin ƙai, ya wuce bai lura da shugaban da ya yi ƙaryar lallashi, sannan ya juya ga aikinsa ba.

Kada a ɗauka ina cewa a watsar da wasiƙun. Akwai abin da wasiƙar nan ta riƙe wanda waƙar ta bari. Ya gaya wa mahaifiyarsa cewa a rukunin da ke hagunsa, masu gadi sun tarwatse ba a sami komai nasu ba, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne yaron da aka fara ba shi ya riƙa yi masa hidima, ya ƙi shi. Da ya riƙe shi da bai mutu ba, domin masu hidimar hafsoshi ba sa gadi. Wanda ya san wannan zai gane daga ina nauyin waƙar ya taso. Haka kuma a wata wasiƙa ta Fabrairu 1918, bayan jinyar firgicin yaƙi da ya yi a asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh a hannun likita Arthur Brock, ya amsa cewa da gangan yake zama da yamma yana tuna yaƙi, yana jawo wa kansa mugayen mafarkai, saboda yana ganin akwai haƙƙin da zai sauke. Ba don wannan bayani ba, da sai mu zaci mafarkan da ke cike da waƙoƙinsa kwararowa kawai suke yi, ba shi ne yake zuwa ya tono su ba.

Matsalar ita ce kowane bayani yana da wanda aka yi wa shi. Kuma bayanin Owen bai iso mana kai tsaye ba. Ƙanensa Harold, wanda ya gaji takardun, ya bi wasu wasiƙun da almakashi da tawada. A Oktoba 1918 Owen ya sami lambar yabo ta jarumta saboda faɗan da aka yi kusa da ƙauyen Joncourt a Faransa. Takardar hukuma ta ce ya juya bindiga mai sarrafa kanta da aka ƙwace, ya yi wa abokan gaba ɓarna mai yawa. Kwafin da ya fito daga hannun iyali kuwa cewa ya yi ya kama fursunoni. Owen kansa ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa mutum ɗaya kawai ya harba da ƙaramar bindigarsa, sauran da murmushi ya kama su. Mawaƙin tausayi bai dace da mai ɓarin wuta ba, sai aka gyara masa riga, shi ma ya taya.

Duk wanda ya taɓa zama da sojan da ya dawo daga daji ya san wannan hali. Ka tambaye shi, ya ce maka lafiya lau, aiki ne. Matarsa ce ta san abin da yake faɗa cikin dare. A waƙar mai gadin ma, dab da ƙarshe, Owen ya ce yana ƙoƙarin kada ya tuna waɗannan abubuwa yanzu, sai kuma ya ci gaba da zayyana su, yadda yaron yake nishi, yadda haƙoransa suke kaɗawa duk lokacin da igwa ta girgiza rufin ramin.