Haɗin gwiwar jami'o'i kan muhalli: me ke saura bayan kuɗin baƙo ya ƙare?

Wanda ya zaga rumfunan masu hatsi a kasuwar Dawanau bayan kaka zai iya cin karo da wani irin buhu mai leda biyu masu kauri a cikinsa, wanda ake ɗaure bakin kowace leda daban kafin a ɗaure na waje. Manoma da 'yan kasuwa suna kiransa buhun PICS, kuma harafin farko na wannan suna daga jami'ar Purdue da ke Amurka aka ɗauko shi. Na fara da wannan buhu ne domin a ganina da shi ya kamata mu riƙa auna duk wata yarjejeniya da jami'o'inmu ke ƙullawa da takwarorinsu na ƙetare da sunan binciken muhalli da ci gaba mai ɗorewa. Ma'aunin kuwa ɗaya ne: idan wa'adin tallafin ya cika, baƙi suka tattara nasu ya nasu suka koma gida, me ya rage a hannunmu?

Asalin aikin ya faro ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masanin ƙwari Larry Murdock da abokan aikinsa na Purdue suka haɗa kai da masu binciken aikin gona na Kamaru a Marwa. Matsalar da suka tunkara tsohuwa ce a ƙasar Hausa, domin ƙwaro yakan cinye waken da aka adana cikin 'yan watanni, abin da ke tilasta wa manomi ko dai ya sayar da kaka a farashin banza, ko ya zuba wa abincin mutane guba. Hikimar buhun ita ce toshe hanyar iska, ta yadda ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu ba tare da an sa ɗigon magani ba. A shekarar 2007 gidauniyar Gates ta ba da kuɗin yaɗa wannan dabara a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda aka yi gwaje-gwaje masu yawa a Maraɗi tare da masanin ƙwari Ibrahim Baoua na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka kai shi ga jama'a. Akan je ƙauye a ɗaure buhun wake a gaban kowa, a bar shi hannun mai shi, sannan bayan watanni a sake tara mutane a kwance shi, kowa ya sa hannu ya damƙo waken ya duba da idonsa. Aka kuma nemi kamfanin da zai riƙa yin buhun a Kano, aka haɗa shi da dillalai. Da wa'adin shirin ya ƙare, buhun ya ci gaba da yawo a kasuwa, saboda akwai mai yinsa, akwai mai sayarwa, akwai kuma mai buƙata. Wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, zai gane nauyin wannan aiki ga lafiyarmu da kuma kasuwancinmu.

Abin takaici shi ne ba haka mafi yawan haɗin gwiwar ke kasancewa ba. Malaman jami'a sun san salon da aka fi sabawa da shi: a yi taro a sa hannu kan takardar fahimtar juna, a ɗauki hoto, sannan takardar ta shige cikin kabad har wa'adinta ya wuce ba a yi komai a kanta ba. Inda aka yi aikin kuma, sau da yawa an riga an tsara tambayar binciken da kasafin kuɗinsa a can, sai a nemi malaminmu daga baya domin ya raba takardun tambayoyi a ƙauyuka, ya yi tafinta, ya ɗebo samfurin ƙasa da na ruwa. A can ake tantance samfurin, a can ake ajiye bayanan, kuma idan sakamakon ya fito a mujallar ilimi sai a ga sunan namu a tsakiyar jerin sunaye ko a sashen godiya, wani lokaci ma jami'arsa ba ta da kuɗin sayen mujallar da aka buga aikin a ciki. Ba na cewa kowane baƙo da mugun nufi yake zuwa, domin tsarin bayar da tallafin ne ya ginu haka: wanda ya samo kuɗin daga gwamnatinsa shi ke da alhakin yi mata bayani, don haka shi ke riƙe da linzami. Amma ko da kyakkyawar niyya aka zo, sakamakon ɗaya ne, wato a gama aikin shekara biyar ba a bar mana ko na'ura ɗaya mai aiki ko ɗalibi ɗaya da zai iya maimaita binciken shi kaɗai ba.

A fannin muhalli, batun wanda ya tsara tambayar yana da haɗari fiye da na sauran fannoni, kuma tarihin yankinmu ya shaida haka. Bayan bala'in fari na shekarun 1970 da na 1984, ra'ayin da ya yi rinjaye a duniya shi ne manomin Sahel ne ke kashe ƙasarsa da yawan haihuwa da sare itatuwa da kiwo, don haka maganin shi ne a kawo masa bishiyoyi daga waje a dasa, a kuma hana shi taɓa na daji. An kashe dukiya mai yawa a kan wannan fahimta, kuma yawancin dashen bai rayu ba. Waɗanda suka gyara kuskuren su ne masu binciken da suka zauna tare da manoma shekara da shekaru. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1962 sannan a jami'ar Bayero har zuwa 1986, ya nuna cewa gonakin kewayen Kano, duk da cunkoson jama'a, sun ci gaba da ba da amfani saboda manoma suna kai taki, suna haɗa gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya, suna kuma barin itatuwa masu amfani a tsakiyar shuka. A Nijar ma, lokacin da ake ta kukan hamada na cinye ƙasa, manoman Maraɗi da Damagaram suna can suna yin sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski maimakon a sare shi. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da masana na Nijar irin su Mahamane Larwanou suka haɗa aikin ƙafa da hotunan tauraron ɗan'adam tare da abokan aikinsu na Holan da Amurka, aka tabbatar da cewa fili kimanin kadada miliyan 5 ya sake samun itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawansu irin su gawo da manomi ya san amfaninsu tun kaka da kakanni. A nan kowane ɓangare ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi, baƙo da na'urarsa, ɗan gida da sanin inda za a duba da kuma ma'anar abin da aka gani.

Akwai yunƙuri biyu na baya-bayan nan da suka cancanci a yaba musu, saboda sun nufi gina mutane da cibiyoyi. Na farko shi ne shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi, wanda ma'aikatar ilimi da bincike ta Jamus ta ɗauki nauyinsa, mai hedikwata a Akara. Tsarinsa shi ne a raba fannoni tsakanin jami'o'in yankin, jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta riƙe fannin makamashi, jami'ar fasaha ta Akure ta riƙe na tsarin yanayi, ta Minna ma tana da nata, sannan ɗalibai daga ƙasashe daban-daban su haɗu a aji ɗaya, su je Jamus na 'yan watanni su dawo, digirin kuma ya fito daga jami'ar gida. Na biyu shi ne Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 da tallafin gidauniyar MacArthur, ta kuma shiga sahun cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi a 2014, da sharaɗin ta riƙa ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta. Sai dai yana da kyau a tuna cewa kuɗin Bankin Duniya a wannan shiri rance ne mai sauƙin ruwa da ƙasa za ta biya, saboda haka barin irin wannan cibiya ta durƙushe bayan shirin ya ƙare asara ce kashi biyu.

Ƙarewar tallafi kuwa ba abu ne da ake hasashe ba, mun riga mun gani sau uku cikin shekara biyar. A 2021 Birtaniya ta rage kason da take warewa na agaji daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, hukumar bincikenta ta samu giɓin fam miliyan 120, aka datse ayyukan haɗin gwiwa da dama suna tsakiyar tafiya. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Faransa ta dakatar da bai wa ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso biza, ɗaliban da ba su da hannu a rikicin gwamnatoci. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, wato USAID, abin da ya rufe mafi yawan cibiyoyin binciken noma da jami'o'in ƙasar ke gudanarwa tare da na Afirka. Binciken muhalli bai jure irin wannan yankewa, domin wanda ke auna ruwan sama ko ƙarfin ƙasa ko zurfin ruwan rijiya yana buƙatar bayanan shekara ashirin a jere, kuma daminar da aka rasa ba ta dawowa a sake auna ta.

Wasu za su ce tunda haka ne, gara mu haƙura da baƙi mu tsaya da ƙafarmu. Ban yarda da wannan ba. Tsangayar likitancin dabbobi ta jami'ar Ahmadu Bello da taimakon jami'ar jihar Kansas ta Amurka ta miƙe a shekarun 1960, kuma har yau tana yaye likitoci. Bayan haka, iskar da ke kawo mana damina daga tekun Atlantika take tasowa, kuma hasashenta na buƙatar manyan kwamfutoci da taurarin ɗan'adam da babu wata jami'a tamu da ta mallaka. Abin da nake cewa shi ne wanda ya zo teburin yarjejeniya hannu rabbana ba shi da bakin gindaya sharaɗi. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta daɗe da neman kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin ɗari na arzikinta domin bincike, kuma Najeriya da Nijar ba su kusanci wannan ba. Asusun TETFund na manyan makarantun Najeriya yana da sashen tallafa wa bincike, to me zai hana a ware wani kaso daga ciki musamman domin biyan namu rabon a kowane aikin haɗin gwiwa, da kuma riƙe aikin na wasu shekaru bayan baƙo ya janye? Jami'ar da ta zuba nata kuɗin ce za ta iya dagewa a rubuta cewa tare za a tsara tambayar, kwafin bayanai zai zauna a gida, na'urori za su zo da horar da mai gyara su, kuma za a mayar wa ƙauyen da aka yi aikin sakamakon da harshen da mutanensa ke ji. Wajibi ne kuma mu dubi namu laifin, domin jami'ar da aka rufe wata takwas a 2022 saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ASUU, ko wadda ɗakin gwajinta ke kwana babu wuta har samfuri ya lalace a firji, ba za ta ga laifin abokin hulɗar da ya gwammace ya kwashe samfurin zuwa ƙasarsa ba.

Akwai kuma haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa da muka fi sakaci da ita alhali ita ce mafi arha. Tsakanin Katsina da Maraɗi kusan kilomita 100 ne, kuma a kowane gari akwai jami'a, Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan, Ɗan Dikko Ɗankulodo a can. Ƙasar noma iri ɗaya ce, gero da wake iri ɗaya, wuta-wuta da zuzzuda iri ɗaya, manoman kuma harshe ɗaya suke yi, amma sau da yawa malamin Katsina ya fi sanin abin da ake bincike a Landan fiye da abin da takwaransa ke yi a bayan Jibiya, kuma ba abin mamaki ba ne su fara haɗuwa a wani taro a Turai. Bambancin Turanci da Faransanci da ake kafa hujja da shi bai kai ya zama katanga ba, tunda da Hausa za su gaisa, da ita kuma za su yi hira da manomi. Ina ganin ya kamata shugabannin waɗannan jami'o'i biyu, tare da na Kano da Damagaram da Sakkwato da Tawa, su fara da ƙaramin abu da kuɗinsu zai iya ɗauka: filayen gwaji na bai ɗaya a ɓangarorin iyaka biyu, ma'aunan ruwan sama da ake karantawa da tsari ɗaya, da musayar ɗaliban digiri na biyu na zangon karatu guda, ta yadda ɗan Dutsin-Ma zai yi damina ɗaya a gonakin Agiye yana koyon sassaben zamani daga hannun manoman da suka yi shekara arba'in suna yinsa.